Kwana biyar a Yad Mordechai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina nazarin tarihin yaƙin 1948 tsakanin Larabawa da Isra'ila, sai na ci karo da labarin wani ƙauyen manoma Yahudawa da aka ce ya tare rundunar Masar har kwana biyar. Abin ya ƙi shiga kaina. Gaskiya ne, ko dai farfaganda ce?
Daga ɗalibinka mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin ya faru. Su kansu Misirawa suna da shi a tarihinsu, sai dai suna kiransa yaƙin Deir Sunaid, da sunan ƙauyen Larabawa da ke kusa da wurin.

Sunan ƙauyen Yad Mordechai. Irin ƙauyukan nan ne da Yahudawa ke kira kibutz, inda ake noma tare a ci tare, babu mai cewa wannan gonata ce. Matasa 'yan asalin Polan ne suka kafa shi a 1943, suka raɗa masa sunan Mordechai Anielewicz, wanda ya jagoranci boren Yahudawan birnin Warsaw a kan 'yan Nazi, aka kashe shi a wannan shekarar. Ka riƙe wannan da kyau, domin da yawa daga cikinsu danginsu sun ƙare a Turai. Mutumin da ya san ba shi da gidan komawa, ba a korarsa da sauƙi.

Ranar 14 ga Mayu 1948 aka shelanta kafa Isra'ila, washegari sojojin Sarki Faruk na Masar suka tsallako iyaka. Sun gwada ƙauyukan Nirim da Kfar Darom ba su yi nasara ba, suka kewaye su suka wuce. Yad Mordechai kuwa ba ta kewayuwa, don a kan tudu take, tana kallon hanyar bakin teku da ta tashi daga Gaza zuwa Majdal, wato Ashkelon ta yau. Duk motar da za ta kai wa dakaru abinci ko harsashi sai ta bi ta gabanta.

Mutanen ƙauyen sun san abin da ke tafe. Sun haƙa ramuka masu haɗe da juna, sun ja waya mai ƙaya, a daren ƙarshe kuma suka fitar da yara. Waɗanda suka tsaya ba su wuce 130 ba, ciki har da mayaƙan Palmach, wato rundunar zaratan mayaƙan Yahudawa, kusan 20. Ranar 19 ga Mayu aka fara yi musu ruwan igwa, jiragen sama na taimakawa. Abin da ya fi cutar da Masar, a ganina, salon yaƙinta ne. Sai igwa ta yi shiru sannan sojan ƙasa su taso a fili, a miƙe, zuwa bakin waya, alhali na cikin rami ya riga ya ɗago kai ya gyara zama. Haka aka yi ta maimaitawa har sai da aka kawo wata bataliyar ta canji ta farko. Ina jin takaicin wannan ƙwarai, domin yaran talakawa ne aka riƙa turawa, laifin kuma na manyan da suka tsara ne.

Ranar 23 ga wata Misirawa suka haɗa motoci masu sulke da sojan ƙasa, suka kutsa cikin ƙauyen. Harsashi ya kusa ƙarewa, an kashe mutum 26, wasu da dama sun jikkata. Cikin dare aka kwashe masu rauni a mota, sauran suka sulale a ƙasa zuwa Gvar'am, wani kibutz da ke kusa. Ka ga ke nan ba su ci yaƙin ba, ƙauyen ya faɗi.

Me kwana biyar ɗin suka haifar? Rundunar Masar ba ta isa Isdud, wato Ashdod ta yau, ba sai 29 ga Mayu, ta tarar da gada a karye, dakarun Isra'ila na rundunar Givati a shirye, ga jiragen yaƙi huɗu da aka samo daga Cekoslobakiya sun kawo mata hari. Nan ta tsaya. Masana na ja-in-ja kan ko dama Tel Aviv ta nufa, amma ni dai ina ganin jinkirin ya yi wa Isra'ila rana.

A farkon Nuwamba Isra'ila ta sake karɓe wurin. Tankin ruwan da igwa ta ragargaza yana nan kwance har yau, kusa da mutum-mutumin Anielewicz. A cikin kwanakin ne kuma mutanen Hiribya, ƙauyen Falasɗinawa da ke maƙwabtaka da su, suka yi gudun hijira zuwa Gaza. Ba a bar su sun koma ba, a kan ƙasarsu aka gina ƙauyukan Yahudawa na Zikim da Karmia.