Had-disk ko SSD? Amsoshin tambayoyinku kan inda za a adana aiki

Saƙonnin wannan karon kusan duk kan ma'ajiyar kwamfuta suka faɗo, to na tsamo guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Ta farko daga wani mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ya ce: "Malam barka da aiki. Laftof ɗina ta cika maƙil, kowane biki sai na dawo da bidiyo mai nauyi, ga amare sai bayan shekara su dawo suna neman hotunansu. Ina son estanal mai sauri wanda kuma ba zai mutu ba, wanne zan saya?"

Ɗan'uwa, estanal, wato ma'ajiyar da ake jonawa daga wajen kwamfuta, wanda ba zai mutu ba dai ba a ƙera shi ba tukuna, gara in faɗa maka tun yanzu. Akwai wani kamfanin adana bayanai a Amurka, Backblaze, tun 2013 suke fitar da rahoton yadda had-disk ɗinsu ke mutuwa, kuma had-disk ɗaruruwan dubbai gare su, a 'yan shekarun nan abin da ke mace masu a shekara yana tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Wannan fa a ɗaki mai sanyi, wuta tsayayya, ba mai jefa su cikin jaka ya hau babur ya tafi wurin kamu. Ka kwatanta da naka da ke shan zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu.

Abu biyu ka haɗa a tambayarka, sauri da aminci, kuma ba abu ɗaya ke ba da su ba. Had-disk na gargajiya, HDD, faifai ne a ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da 'yar allura da ke shawagi samansa tana karatu da rubutu. Ƙananan nan da ake sawa a aljihu, irin WD My Passport da Seagate Expansion da Toshiba Canvio, saurinsu yana wajen 100 zuwa 130MB a daƙiƙa, bidiyon 100GB zai ci maka kamar kwata ɗin awa. SSD kuwa ba abin da ke motsi cikinsa, irin Samsung T7 yana kai wajen 1000MB a daƙiƙa in kwamfutarka na da ramin USB da zai iya ɗaukarsa, wannan 100GB ɗin cikin 'yan mintuna ya wuce. Kuma in ya faɗo daga tebur galibi ɗauka kawai za ka yi ka kaɗe, HDD kuwa in ya faɗi yana cikin juyawa sai dai addu'a. Matsalar SSD kuɗi, kowane tera ɗaya (1TB, wato 1000GB) ya ninka na HDD tsada, ga farashin duk yana bin dala.

Don haka ga yadda zan tsara maka. SSD na 1TB don aikin da ke hannu, a kansa za ka yi editin, in ka gama ka miƙa wa masu biki sai ka kwashe. Sai HDD guda biyu, 4TB kowanne in da hali, duk abin da ya shiga ɗaya ya shiga ɗayan, ɗaya a shago ɗaya a gida. Wannan ya yi kusa da abin da masu wannan harka suke ce ma tsarin 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, saboda gobara ko ɓarawo in suka shiga shago ba sa tambayar wanne ne bakof, wato kwafin da aka ajiye don ko ta kwana. In kuɗin ba zai kai duka ba, wallahi ka fara da HDD biyun, ka haƙura da SSD zuwa bayan bukukuwan sallah. Jiran kwata ɗin awa ba ya zubar da mutunci, amma ka tsaya gaban uwar amarya kana cewa faifan ya ƙi tashi, wannan kam ka san yadda labarin zai zaga gari.

Kuma abin da na ga mutane da yawa na yi, su kwashe fayil daga laftof su zuba a estanal su goge na laftof ɗin su ce sun yi bakof. Ba ka yi bakof ba, ƙaura kawai ka yi wa fayil ɗin, har yanzu guda ɗaya ne.

Maganar wane kamfani, kar ta hana ka barci. Kamfanoni uku ne kawai suka rage a duniya masu ƙera HDD, Seagate da Western Digital da Toshiba, duk wani suna da ka gani a jikin kwali faifan ɗayansu ne a ciki. Ni dai in zan sayi biyu nakan so su zama na kamfani daban-daban, ko aƙalla ba a rana ɗaya daga kwali ɗaya ba, don in akwai tangarɗa a wannan rukunin kar ta cinye duka biyun.

Ta biyu daga Daura, wani mai shagon buga takardu da rijistar jarrabawa. Ya ce: "Na sayi 2TB sabo, da na jona sai ya nuna mani 1.81TB. Sannan in na fara zuba kaya da sauri yake farawa, can sai ya koma rarrafe. An cuce ni ne?"

A na farkon dai ba a cuce ka ba Alhaji. Kamfani yana lissafi da dubu-dubu, Windows kuma da 1024, shi ya sa 1TB yake nuna 931GB, 2TB ya nuna 1.81TB, ko a ina ka saya haka za ka gani.

Rarrafen ne ke da dogon bayani. Fara da duba ramin da ka jona, in USB 2.0 ne to ba zai wuce 30 zuwa 40MB a daƙiƙa ba ko da wane irin faifai ka sa, nemi mai shuɗin ciki ko mai alamar SS, kuma a tebur-kwamfuta ramukan baya sun fi na gaba tabbas. Kebul ma yana yin haka in ya saki. Sannan irin aikinka ƙananan fayiloli ne dubbai, fasfo da takardun Word da sikanin, su kuwa kullum sun fi bidiyo guda ɗaya babba jan lokaci, don allurar sai ta yi ta tsalle daga nan zuwa can.

Amma yadda ka ce da sauri yake farawa sannan ya faɗi, ina kyautata zaton faifanka irin SMR ne. A irin wannan, don a cusa kaya da yawa a ƙaramin faifai, layukan rubutun ana ɗora su ne kamar jeren kwanon rufi, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, to in za a canja ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Akwai ɗan fili da faifan ya ware yana karɓar kaya da sauri, da ya cika sai ka ga gudun ya zube. Yawancin ƙananan estanal masu 2TB zuwa sama haka suke, kuma ba a cika rubutawa a kwali ba. A 2020 ma sai da aka yi ta cece-kuce da aka gano WD sun sa SMR cikin wasu WD Red ba tare da sun bayyana ba, daga baya suka fito da Red Plus wanda yake CMR, wato rubutu na asali da ba hawa kan juna. Ga mai zuba bakof sau ɗaya a mako SMR ba laifi, ka jona da dare ka bar shi ya yi abinsa. In kuwa kullum a kansa ake aiki, a goge a rubuta, to nemi CMR, irin manyan nan 3.5 inci, ka duba lambar samfurin a shafin kamfanin kafin ka biya.

Sai dai manyan suna da nasu sharaɗin, da adafta suke aiki a jikin soket, ana ɗauke wuta suna tsaka da rubutu fayil na iya lalacewa, to sai da UPS ko inbata. Ƙananan daga laftof suke shan wuta, batirinta ya isa ya kare su, a garuruwanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma tunda shagonka kowa da fulash ɗinsa yake zuwa, faifan bakof kar ya kwana a jone, ka kwafa, ka yi ijet, wato ka sa kwamfuta ta sake shi, ka zare, ka sa a durowa. Bairos ɗin da ya shiga kwamfuta duk abin da ya tarar a jone nasa ne.

Ta uku wani ɗalibi ne a jami'ar Umaru Musa Yar'adua. Ya ce ya ga tallar SSD mai 16TB a intanet da kuɗin da bai kai na 1TB na shago ba, sannan wani abokinsa yana son sayar mashi da had-disk na hannu, wanne ya fi?

Ƙanena wancan 16TB ɗin jabu ne, ba sai na gan shi ba. In ka fasa irinsu ɗan memori ne ƙarami a ciki an manne da gam, an yi mashi dabara yana gaya wa kwamfuta ƙarya. Mugun abin shi ne zai karɓi kayanka lafiya lau, sunayen fayil duk suna nan, sai ranar da ka zo buɗe babi na uku na furojet ɗinka ka tarar ba komai, don da ainihin wurin ya cika kan tsoffin yake bi yana rubutawa. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, tana cika faifai da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar girmansa, tana ɗaukar awoyi amma duk sabon abin da ka saya, har fulash, ya kamata ya bi ta nan kafin ka yarda da shi.

Na abokinka kuma, ka ce ya ba ka ka jona ka buɗe CrystalDiskInfo, ita ma kyauta ce. Za ta nuna maka awa nawa faifan ya yi yana aiki tunda aka ƙera shi, da ko ya fara samun wuraren da suka lalace. In ta nuna shuɗi to da dama, in rawaya ko ja ka mayar mashi cikin mutunci, zumunci ya ɗore. Ka kasa kunne kuma, in yana ƙas-ƙas a kai a kai wannan ya kusa. Ko da ya ci jarrabawar, na hannu kwafi na biyu ake ajewa a kai. Furojet ɗin kansa bai kai ya kawo ba wajen nauyi, 15GB ɗin da Google ke ba kowa kyauta ya ishe shi har da ragi, ka riƙa turawa duk daren da ka ƙara rubutu.

In sabo za ka saya, ko nan Katsina ko ka aika Kano, a rubuta maka lambar siriyal a jikin rasit, ka shiga shafin kamfanin ka duba warantinsa nan take a gaban mai shago. Akan sa tsohon faifai cikin sabon gida, lambar ce ke tona asiri.

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce daga Sabuwar Unguwa, tana da hotunan yara tun suna jarirai da na aikin hajjin mahaifiyarta, tana son ta zuba su a wani abu ta kulle a akwati, ko shekara goma.

Hajiya, in don a kulle a manta ne kar ki sayi SSD ko fulash. Su da cajin lantarki suke riƙe bayani, in suka daɗe ƙwarai ba a jona su ba cajin yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara mashi gudu. HDD ya fi haƙurin zama, 1TB ma ya yi maki yawa. Amma shi ma shekara goma ba leƙe ganganci ne, ki riƙa sa a jona shi kamar sau biyu a shekara, a buɗe wasu hotuna a ga suna nan, bayan shekara huɗu ko biyar a kwafe zuwa sabo. Akwatin kar ya zama a ɗakin da rana ke duka, kuma nesa da inda damina ke yoyo. Ki ce a yi mashi fomat, wato a tsara cikinsa, da tsarin exFAT tun kafin a zuba komai, shi ne Windows da Mac duk suke karantawa suna rubutawa, kuma ba ya ƙin bidiyon da ya wuce 4GB kamar yadda tsohon tsarin FAT32 ke yi. Waɗanda suka fi maki daraja kuma, na hajjin Mama da na suna, a wanke su a takarda a sa a albam, sannan a tura kwafi ga wata 'yar'uwa da ke wani gari ta ajiye a nata.