Amsa ga Ɗana a Kan Horon Ikilisiya

Ɗana, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci abin da ya dame ka. Ka ce dattawan ikilisiyarku sun hana wani baƙon ɗan'uwa shirya addu'ar dare a gidajen mutane, sun kuma dakatar da shi daga jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo domin tunawa da mutuwar Almasihu, bayan an gano yana gaya wa gwauraye cewa danginsu mayu ne, yana karɓar kuɗi da sunan zai karya asiri. Kana tambaya ko wannan horo al'ada ce kawai da muka gada, tun da ƙofar majami'a a buɗe take ga kowane mai zunubi.

Ƙofa a buɗe take, haka kuma za ta zauna. Amma shiga sujada daban, riƙe amanar jama'a daban. Sa'ad da manzo Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militus domin ya yi musu bankwana, a Ayyukan Manzanni sura 20, ya gargaɗe su cewa mugayen kyarketai za su shigo cikin garke, har ma daga cikinsu waɗansu za su taso suna karkatar da gaskiya domin su ja almajirai a bayansu. Saboda haka dattijon da ya ga ana cutar gwauruwa ya yi shiru don gudun fitina, ya ci amanar aikin da aka zaɓe shi dominsa. Mu kan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Na ga ikilisiyar da ta rabu biyu, mata da miji suna zuwa sujada wurare dabam, saboda an bar mutum ɗaya yana yawo gida gida da tsegumi har shekara ta zagayo ba wanda ya tsawata masa.

Hanyar kuwa ba mu muka ƙirƙiro ta ba, tana cikin Matiyu 18:15-17. Da fari mutum ɗaya ya je ya same shi a keɓe. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu domin shaida, sai in ya ƙi su ma ne za a kai maganar gaban ikilisiya. Wasiƙar Titus ta ce mai raba kan jama'a a yi masa gargaɗi sau ɗaya, sau biyu, kana a rabu da shi. Don haka abin da ya kamata ka bincika shi ne ko an bi waɗannan matakai, ko an zaunar da mutumin an ji ta bakinsa, ko kuwa jita-jita ce kawai aka yanke hukunci a kanta. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ake sakaci da ita yanzu, wato takardar shaida daga ikilisiyar da mutum ya baro. A zamaninmu ba a ba baƙo ajin Lahadi ko jakar baiko sai an karanta takardarsa a zaman dattawa, kamar yadda 'yan'uwa na Afisa suka rubuta wa na Akaya game da mai wa'azin nan Afolos. Da an nemi wannan takarda tun ranar da mutumin nan ya iso, wataƙila da gwaurayen ba su yi asarar kuɗinsu ba.

Inda nake tare da kai shi ne wajen son kai da ake nunawa a horon. Zaunar da mai laifi a bencin baya da ƙayyade watannin horo tsari ne na ikilisiyoyinmu, ba umarnin Nassi ba ne, kuma sau da yawa yarinyar da cikinta ya fito ita kaɗai ake zaunarwa a can, alhali wanda ya yi mata cikin yana cikin mawaƙa, mai kuɗin da ke hura wutar gaba kuwa ana ba shi kujerar gaba saboda ya sayi kwanon rufi. Wannan abin kunya ne, yana kuma zubar da mutuncin horon gaba ɗaya. Haka nan in laifin ya shafi lalata da yara ko dukan mace har da rauni, ba maganar da za a binne a zaman dattawa ba ce don kare sunan ikilisiya. A sanar da hukuma, a kuma raba mutumin da yara nan take.

Kada kuma a manta da shi bayan an hore shi. Bulus da ya umarci Korintiyawa su fitar da mai laifi daga cikinsu, a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su gafarta wa wanda aka hukunta, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ya kamata a naɗa dattijo guda da zai riƙa ziyartar wannan mutum, a nemi ya mayar wa gwaurayen kuɗinsu, in ya tuba a karɓe shi a jibi a gaban jama'a, ko da ba za a yi saurin mayar masa da koyarwa ba. Ka je wurin fastonku cikin ladabi ka tambaye shi ko an naɗa wannan dattijon, sa'an nan ka rubuto mini abin da ya ce. Ka gaida mahaifiyarka.