Na aje aiki, ina son bin gulbi a ƙasa daga Argungu zuwa Yawuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya bayan shekara 35 ina aiki, ina zaune a Birnin Kebbi. Tun ina yaro nake da burin bin bakin gulbi a ƙasa daga Argungu har Yawuri, ba gaggawa, in kwana duk inda dare ya yi mini. Ina shan maganin hawan jini, amma da ƙarfina. Ta ina zan fara shiri?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a wannan hutu. Burin mai kyau ne, sai dai akwai magana ɗaya a cikin wasiƙarka da nake roƙon ka janye, wato kwana duk inda dare ya yi. A da matafiyi kan sauka zauren mai gari ba tare da an san da zuwansa ba, a kawo masa tuwo da tabarma. Yanzu ƙauyuka a tsorace suke. Tun harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024, baƙon fuska da jaka a baya, yana tambayar hanya da magariba, sai ya sha tambayoyi a hannun 'yan banga, ko da furfura a kansa. Saboda haka shirinka ya fara da mutane. Ka nemi takarda daga hakimin yankinku, kuma kowane masauki ya san da zuwanka tun jiya. A nan ka fi kowa sa'a: shekara 35 a aji, da wuya a rasa tsohon ɗalibinka a garuruwan nan. Shi zai kai ka gaban mai gari, ya gaya maka wace hanya ake bi a makon nan, wace aka daina.

Kada kuma ka ɗauki tafiyar a dunƙule, don ta haura kilomita 200. Fara da Argungu zuwa gida, kusan kilomita 50, ka raba ta kwana biyar ko shida, ta Alwasa da Ambursa da Zauro. Titin mota bai yi nisa ba, in ƙafa ta ƙi sai ka hau mota. Ka ba Argungu yini guda kafin ka tashi, ka ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, da gidan tarihi na Kanta. In wannan zango ya yi daɗi, baɗi sai ka nufi Bunza.

Gulbin nan ba shi da hanya a bakinsa kamar yadda taswira ke nunawa. Yana rarrabuwa cikin fadama, ga laka, ga kunyoyin shinkafa, ga tiyon masu noman rani. Gefen fadama za ka riƙa bi ta tudu, ka gangara ruwa a mashaya da wuraren fito. Lokaci kuwa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya janye, ƙasa ta bushe. Da damina fadamar cika take yi, balle in an saki ruwan madatsun Goronyo da Bakolori, daga Maris kuma zafi kan wuce digiri 40. Ka duba inda azumi ya faɗo kafin ka tsayar da rana.

Tashi bayan asuba, ka sauka kafin ƙarfe 11, kilomita 8 zuwa 10 sun isa. Wata biyu kafin tafiya ka fara zagaye kullum da takalmin da za ka tafi da shi, sabo kan fasa ƙafa. Ka ga likitanka ya auna ka, ka faɗa masa abin da ka ƙudura, domin wasu magungunan hawan jini na sa yawan fitsari, ga hunturu na busar da jiki mutum bai ji ƙishi ba. Ka tafi da gidan sauro, ka sha ruwan burtsatse ko na leda. Wanka a gulbi da tsoma ƙafa a ruwan da ya kwanta, ka haƙura, ta nan ake ɗaukar tsargiya. Kaya kuma ka ba ɗan rakiya, ko mai babur ya kai maka zango na gaba.

Ɓangaren Yawuri wani karatu ne daban. Can kogin Neja ne, mai faɗi, ruwansa na hawa da sauka da madatsar Kainji, kuma akwai dorina, wadda kan fito kiwo da dare ta koma da sassafe, daidai lokacin da kake kan hanya. Sai da izinin Sarkin Ruwa da rakiyar masunci za ka bi gaɓa a nan. In an kai inda dole a shiga kwalekwale, ka sa rigar kariya daga nutsewa, kuma in ka ga an cika shi maƙil da buhuna da babura, ka jira na gaba.