Tambaya da Amsa: Shin Fafaroma Girigori Mai Girma ne ya yi kalandar da muke amfani da ita?

Tambaya: Malam barka da aiki. Don Allah mun yi musu da abokiyata a makaranta, ita ta ce Fafaroma Girigori Mai Girma shi ya kawo kalandar bature, ni kuma na ce ba shi ba ne. Wa ya fi gaskiya, kuma wane ne shi ma tukuna? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: Yawwa ƙanwata, ke kika ci musun. Mai kalanda shi ne Girigori na 13, a 1582 ya fito da ita, shi kuwa wanda ake kira Mai Girma Girigori na 1 ne, ya rasu tun 604, kin ga tsakaninsu kusan shekara dubu kenan.

An haife shi a birnin Rum wajen 540, ɗan manyan gida ne, har ya riƙe shugabancin birnin yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, kawai sai ya ajiye komai ya mayar da gidan mahaifinsa gidan masu zuhudu ya shiga ciki ya zauna. Amma ba su bar shi ya huta ba, Fafaroma Pelagius na 2 ya tura shi wakilci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 579. Da ya dawo, kogin Tiber ya yi ambaliya a 589, annoba ta biyo baya ta kashe Fafaroman, sai aka naɗa Girigori Fafaroma a 590 alhali shi sam ba ya so. Ga yunwa, ga mayaƙan Lombard, wata ƙabila da ta mamaye sassan Italiya, sun matsa wa garin lamba, shi ya riƙa ciyar da talakawa da amfanin gonakin coci na Sisili, shi ya nemi sulhu da su. Kuma shi ya tura wani mai zuhudu mai suna Augustine da abokansa Ingila wa'azi, suka isa yankin Kent a 597.

Rubutu kam ya yi shi da yawa, sharhin littafin Ayuba kashi 35, littafin hira kashi 4 wanda na biyunsa kacokan tarihin Benedict ne (wani shahararren jagoran masu zuhudu a Italiya), wa'azi 40 kan Linjila, ga wasiƙu sama da 800 da suka rage har yau, da yawansu ma yana kwance da ciwon gaɓoɓi ya yi su. Amma ni wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne ɗan littafinsa kan aikin makiyayi, wato shugaban addini. A ciki ya ɗauki shugaba tamkar likita, ya ce maganin da ya warkar da wani zai iya ƙara wa wani ciwo, don haka nasihar mai kuɗi daban ta talaka daban, ta mai yawan magana daban ta mai shiru daban, haka ya bi mutane rukuni-rukuni. Ya kuma gargaɗi mai neman shugabanci don son girma, abin da shi kansa ya ji tsoro kenan, shi ya sa a wasiƙunsa yake kiran kansa bawan bayin Allah. Wallahi duk mai riƙe da jama'a, ko wane addini yake bi, zai ƙaru da shi. Sarki Alfred na Ingila ma fassara shi ya yi zuwa tsohon Turanci a ƙarshen ƙarni na 9 ya aika wa bishop-bishop na ƙasarsa.