Tambayi Likita: Ƙyanda da Allurar Rigakafi

Tambaya: Likita, an yi wa ɗana allurar ƙyanda yana wata 9. Ta wadatar? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Ba ta wadatar ba, Hajiya. Akwai ta biyu idan ya cika wata 15. Ɗauki katinsa ki koma asibitin da kika saba, kyauta ce.

Tambaya: 'Yata ta fara zazzaɓi mako guda bayan allurar. (Wani uba daga Gusau)

Amsa: Yakan faru, Malam, kuma yakan sauka cikin kwana biyu. Idan ya ƙi sauka ko ta fara jijjiga, a kai ta asibiti.

Tambaya: Ƙyanda ta fito wa yarona kwana 3 ke nan. Surukata ta ce ƙyanda ba ta son allura, in an kai shi asibiti ƙurajen za su koma ciki. Ta kulle shi a ɗaki, ta hana wanka, tana ɗiga masa ruwan ganye a ido. (Wata baiwar Allah daga Katsina)

Amsa: 'Yar'uwa, ki goya yaron nan yau, ba gobe ba. Na san Inna ƙauna ce ta sa, amma maganar nan ta "komawa ciki" ta cinye yara da yawa. Ƙurajen ba sa komawa ko'ina. Abin da ke kashe yaro shi ne ciwon huhu da gudawa da ke biyo bayan ƙyanda, kuma su ake magancewa a asibiti.

Ruwan ganyen nan kuwa, don Allah a daina! Ƙyanda da kanta tana ƙarar da sinadarin bitamin A, idon ya bushe. A ƙara masa tsime-tsime, sai gyambo, sai makanta. Na sha ganin yaro ya warke daga ƙyanda amma farin tabo ya rufe masa ƙwayar ido har abada. A asibiti za a ba shi bitamin A, yau ɗaya gobe ɗaya.

Ki buɗe taga, ki goge masa jiki da ruwan ɗumi, ki ci gaba da ba shi nono da kunu. In kika ga numfashinsa na sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi shan komai, ko da tsakar dare ne ki fita da shi.

Sauran yaran gidan fa? Ƙwayar cutar na iya kai awa 2 tana yawo a iskar ɗaki. Duk wanda ba a yi wa rigakafi ba, ki haɗa da shi ku tafi tare.