Amsa ga ɗan Yayata da ke son zuwa Jamus koyon haɗa haƙora

Saƙonka na murya ya iso ni ranar Juma'a da yamma, ina cikin jirgin ƙasa za ni gida daga aiki. Minti shida kana magana, amma zancen bai wuce uku ba: ka gama makarantar aikin lafiya a Daura, ka ga bidiyon wata tsohuwar Baturiya da aka danna wa haƙoran roba suka kama ƙas kamar maɓallin riga, kuma kana so Kawu ya samo maka gurbi ka koyi wannan aiki, ka koma ka buɗe wurinka a Katsina. Kai ne na huɗu da ya turo mani irin wannan tun bayan babbar Sallah. Zan amsa maka a fili don sauran ma su karanta, na gaji da maimaitawa.

Abin da ka gani sunansa Locator, wani kamfanin Amurka ke yin sa. Kafin a kai ga wannan ƙarar da ta burge ka, sai likita ya huda ƙashin muƙamuƙi ya dasa kusoshi biyu na ƙarfen titaniyom, a jira watanni ƙashi ya kama su. Dabarar wani likitan Suwidin ce, Brånemark, wanda ya fara dasa wa mutum a 1965. A kan kowace kusa ake ɗaura ɗan kan ƙarfe. Mu kuma a cikin haƙoran robar muke binne 'yar hular ƙarfe, a cikin hular akwai wata 'yar robar nailan da ba ta kai ƙwayar wake ba, ita ce ke riƙe komai. Launi-launi ce: shuɗiya riƙonta sassauƙa, mai ruwan hoda matsakaici, fara garau mai ƙarfi. Tsohuwar da yatsunta suka yi rauni shuɗiya ake sa mata, in ba haka ba ba ta iya cire haƙoran da dare ta wanke. A 2002 masana suka taru a jami'ar McGill ta Kanada, suka ce wanda ya rasa haƙoransa na ƙasa gaba ɗaya, wannan mai kusa biyu ya kamata a fara ba shi. Ban musa masu ba, don na ƙasa ba su da ganɗar da za su manne wa, ga harshe kullum yana ture su. Sai dai robar nan cinyewa take. Shekara ɗaya, in ta daɗe biyu, ta saki, dole a canza ta.

Kai ma shaida ne, ko da yake lokacin kana yaro. Shekarar da na fara karɓar cikakken albashi na tara kuɗi aka kai Hajiya kakarka Alƙahira, aka dasa mata irin wannan. Ta dawo Ƙofar Marusa tana cin tsire, ta kira ni tana sa mani albarka har muryarta na rawa. Bayan wata goma sha huɗu robobin suka saki. Aka zaga da ita wurare uku, babu mai su, babu ma mai ɗan ƙarfen da ake ciro su da shi. A na ƙarshe wani ya cika hulunan biyu da gam, wai don su kama, ya ɓata su. Wata uku Hajiya ta yi daga kunu sai fura, ta daina zuwa suna da biki, ta hana a gaya mani don kada hankalina ya tashi. Da mahaifiyarka ta faɗa mani, daren nan ban runtsa ba. Ni da nake da akwatin robobin nan a kan teburina, ban taɓa tunanin in haɗa ta da ko guda huɗu ba. Har yau abin na ci mani rai, kuma shi ya sa ba na yarda yaro ya yi mani zancen Locator kafin ya gaya mani wa zai canza robar bayan shekara.

Yawancin masu giɓi a gida ba duka haƙoran suka rasa ba. Ɗaya ne ko biyu na gaba da babur ya cire, ko turame uku da suka ruɓe. Abin da ake yi masu shi ne ɗan faifan roba da haƙori a jiki, ba ƙugiya ba komai, a ce su tafi. Dasashi na motsewa, faifan ya yi sako-sako, mutum ya kwana da shi ko ya kora magani da ruwa, ya haɗiye. Ya maƙale a hanyar abinci, kuma robar ba ta fitowa sosai a hoton ƙashi, sai a daɗe ana nema. Likitocin kunne da maƙogwaro a Najeriya sun sha rubutu a kan wannan, wani lokaci sai an tsaga wuya kafin a ciro. In kana son ka amfani mutanen Katsina da Daura, ga inda aikin yake: ƙugiya mai kama haƙori da kyau.

Kada ka raina ta don ba ta yin ƙara a bidiyo. Kowane haƙori yana da tumbi, wurin da ya fi faɗi, ƙugiya kuma dole bakinta ya tsallake tumbin ya kwanta a ƙarƙashinsa. In da ƙarfen kobal da kurom aka zuba ta, zurfin da za ta shiga 0.25 ne na milimita, wato rubu'in milimita. Ka wuce haka, ko ta ƙi shiga, ko ta dinga girgiza lafiyayyen haƙori har shi ma ya tafi. Ka gaza, ta faɗo cikin tuwo. Akwai na'ura mai tsayayyen tsinke da muke zagaya kwafin haƙoran majiyyaci na filasta da ita mu ja layin tumbin da bakin fensir. Sannan a zana firam ɗin, wato ƙarfen da ke ɗauke da haƙoran da ƙugiyoyin, da kaki, a binne shi a ƙwaɓin da ke jure wuta, a ƙone kakin, a zuba narkakken ƙarfe da ya haura digiri 1,300. Da na fara ganin zubin, masu zubin tukwane na kasuwa na tuna, bambancin kawai su ba a tambayar su rubu'in milimita. Ga kuma ɗan kafaɗar da ke zama a saman haƙori don kada firam ya nutse cikin dasashi in an tauna, wanda na gida da yawa ba su sa shi ko kaɗan. Rabe-raben giɓi huɗu da wani likitan haƙora, Kennedy, ya tsara tun shekarun 1920, ka haddace su kafin mu sake magana, suna cikin kowane littafi.

Su Jamusawa ba su son a ga ƙarfe in sun yi murmushi, don haka abin alfaharinsu hula biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki likita ke liƙa wa haƙorin da ya feƙe, ta waje tana jikin haƙoran cirewa, ta zura a kan ta cikin kamar marfin kwalbar turare. Babu ƙugiya, babu roba, gogayyar ƙarfe da ƙarfe kaɗai ke riƙewa. Akwai mai miƙaƙƙen bango, akwai mai ɗan karkata wajen digiri 6 wadda wani likitan haƙora Bajamushe, Körber, ya fito da ita a 1968. Gwajin da maigidana ke yi shi ne ya ɗora ta waje a kan ta ciki ya danna da yatsa ɗaya: in ta faɗa da sauri ta yi yawa, in ta cije ta yi kaɗan, so yake ta sauka a hankali kamar cikin zuma. Goma na yi yana jefa su a gwangwanin tarkace ba tare da ya dube ni ba. Ta sha ɗaya ya ajiye a tire ya wuce, bai ce komai ba, kuma wannan shi ne yabon.

Ba wannan ya fi yi mani ciwo ba. Da zinari ake wasu ayyukan, ana auna shi da safe, ana auna shi da yamma, har garin da ya zuba ana sharewa a tara. Wata rana aka rasa abin da bai kai rabin giram ba. Mu tara ne a ɗakin, ba wanda ya kira sunana, amma duk inda na ɗaga kai ido ne a kaina, kuma jakata kaɗai aka ce a buɗe. Ina da shekara 32, ina da mata da ɗiya a gida. Bayan kwana biyu aka same shi a matatar injin zuƙar ƙura na wani tebur daban. Ba wanda ya ce mani yi haƙuri. Na shiga banɗaki na wanke fuska na dawo na ci gaba da goge firam. Yau in aiki mai hula biyu ya gagara, teburina ake kawo shi, kuma wanda ya buɗe jakar tawa shi ke kawowa da hannunsa. Ka tambayi kanka ko zuciyarka za ta ɗauki irin wannan, don na san ka da saurin fushi tun kana ƙarami.

Sauran a taƙaice. Koyon shekara uku da rabi ne, kwanaki a wurin aiki, kwanaki a makaranta. Takardar da na zo da ita ba ta wadatar ba, na koma aji da 'yan shekara 17. Mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya ɗan koyo a shekarar farko Yuro 682 ne a wata ga wanda ya fara a 2025. Kada ka buga shi da Naira ka yi murna, hayar ɗaki ɗaya za ta cinye rabi ko fiye, kuma ba abin da za ka aika gida. Jamusanci sai ka kai matakin B1, wato matsakaici, cibiyar Goethe mai koyar da shi tana Legas, kuma wannan na shiga ƙofa ne kawai, don maigida ba a hankali zai yi maka magana ba. Ba za ka taɓa bakin majiyyaci ba, doka ta hana mu, filasta za ka yi ta kallo daga safe har duhu. Ruwan haɗa roba ya tsattsage mani yatsu har na yi sanyin hunturu biyu da safar hannu nake barci. Rabin aikin yanzu a kwamfuta ake zana shi, da manhaja irin exocad ta garin Damshtat, inji ya sassaƙa, injin kuma ba ya yafe ɗaukewar wuta, sai ka yi lissafin sola tun yanzu. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sayo maka gurbin koyo, ɓarawo ne, ba a sayar da shi.

Ban ce kada ka zo ba. Sana'a ce mai albarka, na ga dattijo ya ciji tuffa a gaban madubi yana hawaye, a hoton da likitansa ya turo mana. Amma ba zan sa hannuna a takardarka ba sai na ga naka hannun. Ka nemi shiga makarantar fasahar haƙora ta tarayya da ke Inugu, wadda yanzu ta zama jami'a, ko ka roƙi masu ɗakin haɗa haƙora a asibitin koyarwa na Katsina su bar ka ka zauna kusa da su, ko shara ce ka yi. Ka fara Jamusanci gobe, ba bayan Sallah ba.

Wani abokina zai sauka Kano ƙarshen wata, na ba shi ƙunshi. Akwai filaya biyu, da naɗin waya mai kaurin milimita 0.8, da muƙamuƙan filasta guda uku da na ja wa layi da fensir. Ka lanƙwasa ƙugiya a kan turmin da na sa wa jan alama, ta bi jikinsa ba tare da haske ya ratsa tsakani ba, ka ɗauko hoto ta sama da ta gefe ka turo. In ta karye ka sake, wayar ta isa hamsin. A ƙasan ƙunshin akwai ƙaramar leda da shuɗɗan robobi takwas da ɗan ƙarfensu, na Hajiya ne. Ka kai mata da kanka, ka zauna ka kira ni ta bidiyo in nuna maka yadda ake ciro tsohuwar a danna sabuwa, don daga bana kai za ka riƙa canza mata. Ka gaida mahaifiyarka.