Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa digiri na uku a Ingila

Salamu alaikum, ƙanena. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Ka ce Turancinka na rubutu bai kai yadda kake so ba, shi ne kake tambaya ko za ka iya sa ChatGPT ya rubuta maka maƙalar da za ka tura mujalla, tunda ka ji an ce kowa haka yake yi a nan.

Ana amfani da shi, ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina yi. Sai dai mai suna a kan maƙala shi ke ɗaukar alhakinta. Tun Janairun 2023, wata biyu da fitowar ChatGPT, mujallar Nature ta ce ba za a sa irin wannan manhaja cikin jerin marubuta ba, kuma duk wanda ya yi aiki da ita ya bayyana. A Fabrairu, COPE, kwamitin da mujallu da yawa ke bin ƙa'idojinsa kan ɗa'ar wallafa, shi ma ya bi sahu. Manhaja ba ta zuwa gaban kwamiti ta kare kanta. In aka ga ƙarya, kai za a nema.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne manazarta. Na taɓa neman manhajar ta kawo min ayyukan da aka yi kan zazzabin cizon sauro ga masu juna biyu. Ta jero su tsaf, ga sunan marubuci, ga shekara, har lambar shafi. Na zauna a ɗakin karatu bayan la'asar ina bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar biyu babu su sam a duniya. Mujallar gaskiya ce, marubutan ma suna nan, amma maƙalar ƙagaggiya ce. Jikina ya yi sanyi, don saura ƙiris in miƙa wa malamar da ke duba aikina. Tun ranar, abin da ban buɗe na karanta da idona ba, ba ya shiga rubutuna.

Kar ka ce masu tantancewa za su kama maka kuskure. A Fabrairun 2024 wata mujallar kamfanin wallafa Frontiers ta buga maƙala ɗauke da hoton ɓera da aka haɗa da Midjourney, manhajar ƙirƙirar hotuna, siffarsa ba ta halitta ba, rubutun jikin hoton kuma shirme ne. Cikin 'yan kwanaki aka janye ta, amma sunayen marubutan na nan manne da ita a intanet.

Batun Turanci kuwa, na san zafinsa. Ka rubuta tunaninka da kanka, ko da a karkace ne, sannan ka ba manhajar ta gyara nahawu, ka sake bi layi-layi ko ta canza maka ma'ana. Kuma ka riƙa adana kowane daftari da kwanan watansa. Wani binciken Jami'ar Stanford na 2023 ya nuna manhajojin gano rubutun inji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL a matsayin na inji, alhali mutane ne suka rubuta. Irinmu da muka koyi Turanci a makaranta mu ne a sahun gaba wajen wannan zargi, daftarinka ne shaidarka.

Bayanan marasa lafiya, ko sakamakon ƙungiyarku da ba a buga ba, kada ka zuba su a cikin manhajar. Amana ce.

Ka tuna bizarka a ɗaure take da karatunka. In jami'a ta kori ɗalibi kan maguɗi, dole ta sanar da hukumar shige da fice, a datse masa biza. Don haka a makonka na farko ka tambayi malaminka abin da sashenku ya yarda da shi, ka roƙe shi ya aiko maka a rubuce ta imel. Ka gaida su Umma, in ka sa ranar tasowa ka sanar da ni in tarye ka.